A bar kifin Dadin Kowa ya yi ƙwai

Goggona ta fi shekara talatin tana suyar kifi a Herwagana. Da ƙafa ta fara ba ta wahala, ni ta ɗora wa zuwa Dadin Kowa ranar Asabar in saro mata. Nakan fita Gombe bayan sallar asuba, in bi hanyar Biu, in wuce Liji da Kwadon, kafin rana ta yi zafi ina bakin ruwa. A wata Asabar cikin watan Agustan da ya wuce, wani saurayi ya juye mini daro guda na karfasa a kan buhu. Babu wadda ta kai tsawon tafin hannuna. Na ɗauki ɗaya don in duba ko ta kwana, ina matsa kumatunta sai bakin ya buɗe, ƙwai ya zubo mini a hannu, rawaya-rawaya kamar ƙwayar gero da aka jiƙa. Na ɗauki ta biyu, ita ma haka. Na daɗe a tsugunne ina kallon tafin hannuna, saurayin yana ta ce mini, "Baba, a zuba ne?"

Wanda bai san karfasa ba zai ce mene ne abin tsayawa. Namijin ne yake haƙa ɗan rami a yashi, wurin da ruwa ba zurfi, macen ta zuba ƙwai, ya barbare shi, sannan ta kwashe duka ta riƙe a baki. Kwanaki take yi ba ta cin komai har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, da sun ga abin tsoro bakinta suke komawa. Don haka karfasar da na riƙe ran nan uwa ce da goyo. Daron nan kuwa ba daro ɗaya ba ne, kifin baɗi ne da na baɗin baɗaɗa aka juye mini a buhu. Na saya kuma. Zan dawo kan wannan.

Abin da nake roƙo ɗaya ne: a rufe kamun kifi a tafkin Dadin Kowa a tsakiyar damina, lokacin da kifi yake hayayyafa, kuma masunta ne za su riƙe makullin, ba wani daga ofis ba.

A hannun Bappana na koyi fatsa. Shi masunci ne na gado, kuma ya san Gongola tun tana kogi, kafin gwamnatin tarayya ta datse ta a shekarun 1980. Ina ɗan makarantar firamare yakan ɗauke ni a kwale-kwale idan an yi hutu. Shi ya nuna mini yadda ake soka tana a ƙugiya ba tare da ta mutu ba, ya koya mini cewa tarwaɗa da ragon ruwa masu yawon dare ne, a ƙasan ruwa ake nemansu, tsage kuwa mafarauci ne mai haƙora, idan ba ka sa waya ba zai datse zaren ya tafi da ƙugiyarka. Kurungu idan ka cire shi daga ruwa kuka yake yi, kuma ƙayarsa idan ta soke ka sai ka kwana kana jin ta. Minjirya sau ɗaya na taɓa ta, hannuna ya mutu har kafaɗa, Bappa ya ce, "Ɗana, yanzu kun gaisa." Na ga giwan ruwan da sai da mutum biyu suka rataya shi a sanda suka kai gaci. Ba labari aka ba ni ba. Yau idan aka kama irinsa, hoto ake ɗauka a sa a Facebook, garin duka ya ji.

Masunta da yatsa suke auna idon raga. Kallin Bappa yatsa huɗu ne, wani biyar. Ya ce duk kifin da ya iya ratsa idon kallinsa ya wuce, to ba rabonsa ba ne bana. A hankali aka sauko yatsa uku, aka dawo biyu, yanzu akwai masu jan taru da aka yi wa ciki da gidan sauro, wannan da ake rabawa kyauta don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Abin da gidan sauro ya ja ba ya barin komai: 'ya'yan kifi, ƙwai, har da ƙwarin da kifin yake ci. Sai kuma masu zuba guba a lungunan ruwa da rani, su tsince abin da ya taso, sauran ya ruɓe a ƙasa. Ruwan nan kuma shi ne dai ake tacewa a turo mana a famfo a Gombe.

Ban ce raga kaɗai ce ta jawo ba. Ƙasa tana zaizayowa daga gonaki tana cike tafkin, maganin feshi yana gangarowa da ruwan sama, kuma tun da tashar wutar lantarki mai megawat 40 ta fara aiki, hawa da saukar ruwa ya shiga lissafin da masunci ba shi da baki a ciki. Masuntan ma sun ƙaru. A da Baga ce babbar kasuwar banda ta Arewa, kuma da rikicin Boko Haram ya tarwatsa ta, musamman bayan harin Janairun 2015, masunta da yawa sun bar Tafkin Chadi sun bazu duk inda suka ji akwai ruwa. Babu mai imanin da zai ce su koma. Amma cikin duk waɗannan, wanda yake hannunmu yau, ba sai an jira kwangila ba, shi ne idon raga da lokacin su.

Ga abin da yake faruwa da damina. Ruwa yana hawa ya shiga ciyawa da ƙananan fadamu. Tarwaɗa tana bin sabon ruwa ta haura inda bai fi gwiwa ba ta zuba ƙwai a jikin ciyawa. Bargi yana share wuri zagayayye a cikin ciyawa kamar faifai, uwa da uba su tsaya gadi. Yauni ma sheƙa yake yi, mai shawagi a kan ruwa. Wato a daidai lokacin da kifi ya bar zurfi ya zo bakin gaɓa, hankalinsa yana kan 'ya'yansa, a lokacin ne ya fi sauƙin kamu. Yaro ma da sanda zai iya kashe tarwaɗa mai ciki. Duk ƙauyukan da ke kewaye da tafkin, daga Gwani zuwa Malleri zuwa Kupto, babu manomin da zai daka irin da ya ajiye don shuka ya yi tuwo, komai yunwar bazara. Mu kuwa kullum damina muna cin irin ruwa muna ce wa kasuwa ta yi kyau.

Doka ma akwai ta. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da abin fashewa da lantarki, ta sa mafi ƙanƙantar idon raga milimita 76, wajen inci 3, in ban da wasu 'yan nau'o'in da ta keɓe, ta kuma ba kwamishinan jiha ikon rufe wani yanki na ruwa ko wani lokaci na shekara. Ba sabuwar doka muke nema ba. Sai dai takarda ba ta shiga kwale-kwale. Tafkin da ya miƙe tsawon ƙananan hukumomi da dama, ma'aikata nawa za a ɗauka su tsare shi da dare?

A Tafkin Kainji an gwada wata hanya. A shekarun 1990, wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya zauna da sarakuna da sarakunan ruwa da masunta, aka ƙirga jirage da raga, aka nuna wa mutane da ido yadda babban tarun da ake kira dala yake kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi, har aka kai ga hana shi. Abin ya yi tasiri a lokacin da mutanen ruwa suke ciki. Ilimin nan bai ɓace ba, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana nan a New Bussa, ana iya gayyato masananta su zo su auna mana namu tafkin, su faɗa mana watannin da suka fi dacewa.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai daga nesa ya zo. A jihar Minnesota ta Amurka akwai wani babban tafki, Red Lake, mafi yawansa a hannun 'yan asalin ƙasar ne, ƙabilar Ojibwe. Kifin da suke taƙama da shi sunansa walleye, mafarauci ne kamar giwan ruwa sai dai bai kai shi girma ba, yana da manyan idanu masu ƙyalli da yake gani da su a duhu. Tun 1917 suke kama shi da kalli suna sayarwa. Aka yi ta kamu, da na halal da na ɓoye, har ya kusa ƙarewa. A 1997 masuntan ƙabilar da kansu suka yanke shawarar ajiye raga. A 1999 gwamnatin jihar ta hana kama shi a nata ɓangaren, aka ƙulla yarjejeniya, aka zuba 'ya'yan kifi a 1999 da 2001 da 2003. Ba a sake buɗewa ba sai 2006, kuma kifin ya dawo fiye da yadda aka zata. A shekarun jiran nan wani kifi mai faɗi kamar karfasa, crappie, ya yi yawa a tafkin, shi ya riƙe masu shaguna da masauki, mutane suna zuwa da sanyi su huda ƙanƙara su zura fatsa. Har yau a jihar ana rufe kamun walleye a lokacin da yake zuba ƙwai, a buɗe a watan Mayu, kuma akwai iyakar yawa da tsawon da mutum zai tafi da shi gida.

Za a ce ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne jiharsu tana da kuɗi, amma waɗanda suka fara ajiye ragar ba attajirai ba ne, mutane ne da kifin nan shi ne abincinsu da kuɗin makarantar 'ya'yansu. Kuma sun yi jiran kusan shekara goma ne saboda sun bari har abin ya lalace. Mu wata biyu ko uku muke magana a shekara. Ba ma buƙatar zuwa Amurka mu koyo hutun ruwa: a Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake tsawon shekara ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa, shi ya sa ranar bikin kamun kifi ake fito da giwan ruwa mai kilo saba'in da wani abu da koma da gora kawai.

Na kai wa Bappa wannan maganar. Yanzu ido ya yi rauni, a zaure yake wuni yana gyara wa yara raga da lalube. Na ce, "Bappa, da za a rufe ruwa daga Yuli zuwa Satumba, kuna ganin mutane za su yarda?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mai gona zai yarda. Wanda ba shi da gona fa, ɗana, me za ka ba shi ya ci?"

Nan ne maganar take da nauyi, kuma ba na so in tsallake ta. Masunta da yawa a yankin manoma ne, damina ma tana ɗauke su zuwa gona, su rufewar ba za ta karya su ba. Amma baƙon masunci da ya zo da iyalinsa da kwale-kwale kaɗai, wanda dillali ya saya wa raga bashi kuma yake jiran biya da kifi kullum safiya, idan ka ce masa ya zauna wata uku, yunwa ka yanka masa. Zai shiga ruwa da dare, kuma ba zan ga laifinsa ba. Don haka duk rufewar da ba ta zo da abinci ba, zalunci ce, kuma ba za ta yi ƙarko ba. A ƙirga masunta ta hannun sarakunan ruwa, a san masu gona da marasa gona. A ba marasa gona aron fili da taki, ko hatsi na watannin nan. A karɓi raga mai ƙaramin ido a ba da mai babban ido a madadinta, kada a ƙwace a ƙona mutum ya koma gida hannu rabbana. A zauna da dillalai su ɗage bashi har a buɗe ruwa. Kuɗin lasisin da ake karɓa, wani kaso ya tsaya a bakin ruwa, a hannun kwamitin da masunta suka zaɓa, su sayi man jirgin sintiri. Masunci ya san wanda ya fita da dare, ya san lungun da bargi yake sheƙa. Idan ya tabbata kifin da ya bari yau shi zai kama gobe, ba wani ba, zai tsare shi fiye da ɗan sanda. A bar fatsa a buɗe ga mai neman na miya, ita ba ta cinye tafki.

Ƙasar nan tana buƙatar kifi sama da tan miliyan 3 a shekara, abin da take samarwa bai kai rabi ba, wani kaso na ragowar daga waje ake shigo da shi da dala. Shi ya sa a Gombe, gari mai tafki a bayan gida, kifin ƙanƙara da ya ƙetaro teku ya cika kasuwa, kuma duk lokacin da naira ta faɗi sai ya fi ƙarfin talaka.

Na ce zan dawo kan daron nan. Na saya ne don yana da araha, kuma masu sayen na ɗari biyu a gaban kaskon Goggo ƙananan suke so, a soya su ƙarau a ci har ƙaya. Saurayin nan bai jawo gidan sauro don mugunta ba, ya jawo ne don ya san ni zan zo da kuɗi. Da na isa gida na nuna wa Goggo ƙwan da ya manne a gindin buhu. Ta sa yatsa ta shafa, ta yi salati. Ta ce ita ma da can idan ta fasa ciki ta ga ƙwai murna take yi, ta ware shi ta soya wa jikoki. Muka yi shawara cewa daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba tarwaɗar kiwo za ta riƙa soyawa, ta wurin masu tafkin siminti a Tumfure, ko da ribar ba ta kai ba. Wasu masu saye sun yi ƙorafi, sun ce ta kiwo ba ta da ɗanɗanon ta ruwa, kuma gaskiyarsu ce. Mutum biyu sun koma wurin maƙwabciyarta. Goggo ta ce in na je Dadin Kowa in gaya wa saurayin nan ba fushi ta yi ba, ya ajiye mata manya idan kaka ta yi.