Bayan Ƙofar Da Muke Rufewa



Sau nawa muka rubuta an garzaya da jaruma asibiti, an rufe ƙofa, can likita ya fito yana share gumi ya ce, "Sai haƙuri"? Abin da ya faru a ciki ba ma taɓa shi, don ba mu san shi ba. To, ga kaɗan.

Idan numfashin mutum ya gaza, ana zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro don a riƙa tura masa iska. A tsohuwar hanya, likita yakan ɗaga harshe da lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila, ya leƙa da idonsa. A sabuwar, ƙarfen yana ɗauke da 'yar kyamara, hoton ya fito a allo.

A 2023 aka fitar da wani bincike daga Amurka kan majinyata 1,417 da ke tsakanin rai da mutuwa. Da kyamara, bututun ya shiga a gwajin farko ga kashi 85 cikin 100. Da ido kawai, kashi 71. Akasarin masu aikin likitoci ne da ke neman ƙwarewa. Amma munanan matsaloli, kamar faɗuwar iskar jini, sun zo kusan daidai a ɓangarorin biyu.

A ganinmu, na'urar ta cancanci zama a kowane ɗakin gaggawa, daga Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan har asibitin koyarwa na Shika. Babban dalili shi ne malami da ɗalibi allo ɗaya suke kallo, sai a yi gyara tun kafin bututu ya zarce hanyar abinci. Sai dai da tsohuwar zuma ake magani: jini ko amai kan rufe kyamara, ga tsada, ga wahalar gyara. Likitan da ya iya biyun shi ne abin nema.

Me ya kawo mu ciki? Masu karanta mu su ne 'yan jinyar da ke tsaye a baranda. Muddin a labaranmu likita imma mai sakaci ne ko mai mu'ujiza, haka za su kalle shi ranar da nasu ya kwanta. Mu zauna da ma'aikatan jinya da likitocin sa barci, mu yi tambaya, sannan mu buɗe ƙofar nan.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya.