Ba Kowane Mai Faɗuwa Lissafi Ne Daƙiƙi Ba

Jama'a 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, don akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, saboda haka da kaina zan fara.

Ni mutumin Kasuwan Magani ne, cikin ƙasar Kajuru. Wata ranar Alhamis, ranar cin kasuwarmu, ina da shekara 12, Mama ta bar ni gaban masararta ta tafi ɗiban ruwa. Wata mata ta auni mudu 4, kowane mudu naira 150, ta miƙo naira 1,000. Na yi ta ƙirga yatsu, gumi yana zuba, daga baya na ba ta canjin naira 600, na riƙe 400. Da Mama ta komo ta duba, sai ta ce, "Kai ɗan nan, me su ke koya muku a makarantar?" Ba ta buge ni ba, amma maganar ta fi bulala zafi.

Abin mamaki kuwa, a makarantarmu ta mishan ba na kasawa wajen karatu. Na haddace Zabura ta 23 tun ina aji biyu. Amma in an kira lambar waƙa a coci, sai in buɗe 126 alhali 162 aka ce. Agogo mai hannu ya gagare ni har na girma. Na sha bulala a kan jadawalin sau, an kuwa laƙaba mini suna daƙiƙi. Sau 3 na zauna jarrabawar lissafi kafin in sami sakamakon da ya shigo da ni kwalejin nan.

Sai da na zo nan na ji ashe abin yana da suna, wato diskalkuliya. Ni dai makantar lissafi na ke ce da ita. Wani masani na ƙasar Cekosulobakiya, Ladislav Kosc, shi ya yi bayaninta a 1974, ya nuna cewa yaro mai hankali sarai yana iya fama da ita. Farfesa Brian Butterworth na Landan ya bayyana cewa tushenta shi ne rashin gane yawan abu. Yawancin mutane in sun ga tsakuwa 4, nan da nan sun san 4 ne. Mai wannan hali kuwa sai ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ƙiyasta yara 3 zuwa 7 cikin 100 suna da ita. Wato ajin da ke da yara 60, ba a rasa 2 ko 4 a ciki.

To, wani zai ce ai wannan mafaka ce aka samar wa malalata. Gaskiya ne ba kowane mai faɗuwa ke da ita ba. Wani wasa ya yi masa yawa, wani da yunwa ya zo, wani kuwa Turancin da a ke koyarwa da shi ne bai ji ba. Amma aikin malami ke nan, ya rarrabe. Yaron da ya ke ƙoƙari a sauran darussa, ya ke zuwa kullum, duk da haka bai iya faɗin wanda ya fi girma tsakanin 7 da 9 sai ya ƙirga, wannan ba lalaci ke damunsa ba, bulala kuwa tsoro kawai za ta ƙara masa.

Lokacin koyarwar gwaji na ga wata yarinya 'yar aji huɗu tana ƙirga yatsun ƙafarta a ɓoye ƙarƙashin benci. Na tara murafun kwalba da tsinken ashana, na ɗaure tsinken goma goma, muka yi ta wasan saye da sayarwa bayan an tashi. Ba ta zama gwana ba, amma kafin in bar makarantar ta iya ba da canjin naira 100, ta kuma daina fakewa a bayan aji.

Saboda haka ga roƙona. Mu ajiye bulala a darasin lissafi. Mu fara da abin da yaro zai taɓa da hannunsa kafin mu hau allo. Mu bar shi ya ajiye jadawalin sau a gabansa, mu ƙara masa lokaci. In abin ya fi ƙarfinmu, mu nemi shawarar malaman ilmi na musamman, irin waɗanda a ke horarwa a Jami'ar Jos da kwalejin tarayya ta Oyo.

Gobe mu ne za mu tsaya gaban aji a Kachia, da Zonkwa, da Kagoro. Kalmar da muka jefi yaro da ita, da ita zai girma. Sannu ba ta hana zuwa. Allah shi ba mu haƙuri da yaran da aka danƙa mana, amin.