Raddi Ga Mai Cewa Alkawarin Baiko Ba Ya Cikin Littafi

Wata takarda mai shafi biyu tana yawo a hannun Kiristocin Sabon Layi a Mubi, har ta fara leƙa Lokuwa da Kolere. Wani ɗan'uwa ne ya rubuta ta, don ya hana mutane rubuta alkawarin abin da za su ba ikilisiyarsu a shekara. Ba zan kama sunansa ba, domin da maganarsa nake, kuma zan kawo ta yadda take, ba ƙari ba ragi. Hujjojinsa biyar ne: wai alkawarin baiko ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, wai talakan Mubi bai san gobensa ba balle ya ɗaure kansa, wai abin riya ne, wai kuɗin a aljihun fasto yake ƙarewa, wai kuma Ruhu ne zai nuna wa kowa abin da zai bayar ran Lahadi. A taƙaice dai, Malam yana so ya yi sujada a inuwar kwanon da wasu suka saya, ya kuma samu ayar da zai jingina da ita.

Mu fara da ta farko, tunda a kanta ya ɗora sauran. Ya ce ya bincika Littafi daga Farawa zuwa Wahayi bai ga inda aka ce mai bi ya yi alkawarin kuɗi ba. To, Malam, wane Littafi ka bincika? Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, ba sai an nemi tafinta ba. Buɗe wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 8 da sura 9. Surori biyu cur, kuma ba abin da ke cikinsu sai maganar gudummawar da ikilisiyar Korinti ta ɗauki alkawarin aika wa matalautan Urushalima. A 8:10 Bulus ya tuna musu cewa tun bara suka fara wannan niyya. A aya ta gaba ya ce su ƙarasa abin da suka fara. A 9:2 ya shaida musu cewa har ya yi alfahari da su a gaban mutanen Makidoniya, kuma himmarsu ta zaburar da wasu. Daga nan, a aya ta 3 zuwa ta 5, sai ya aika Titus da wasu 'yan'uwa su riga shi isa, su tattara kyautar da aka riga aka yi alkawarinta, don kada ya iso da baƙi a tarar ba a shirya ba, kowa ya ji kunya. Mutane sun furta niyya, shekara ta zagayo, an aiko masu tuni, an tara kafin ranar buƙata. In wannan ba alkawarin baiko ba ne, Malam ya gaya mana sunansa.

Ba a nan ta tsaya ba. A wasiƙa ta farko, 16:2, Bulus ya tsara musu yadda za su cika: kowace ranar farko ta mako, kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa ya ajiye, don kada sai ya zo a fara kai-kawon tarawa. Ashe biya kaɗan-kaɗan da ma'ajinmu yake roƙo a yi duk mako ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma manzon ya san haka.

Idan Malam ya fi son Tsohon Alkawari, ga Nehemiya. Mutanen da suka dawo daga bauta, suka tarar da birninsu kango, su ne suka rubuta yarjejeniya, shugabanninsu suka buga hatimi, kamar yadda ƙarshen sura 9 ya nuna. A sura 10 an jera abin da suka ɗaukar wa kansu: sulusin shekel kowace shekara don hidimar Haikali, nunan fari na gona, zakka, har itacen wuta sai da suka jefa ƙuri'a a kan gidan da zai kawo da lokacin da zai kawo. A rubuce, da adadi, da lokaci. Sannan sura 13 ta nuna abin da ya faru da suka yi sakaci: Lawiyawa da mawaƙa suka bar Haikali, kowa ya koma gonarsa, don ba a ba su rabonsu ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai bishara ya bar ƙaramar majami'ar ƙauye ya tafi neman abin da iyalinsa za su ci, ya san wannan sura ba labarin dā ba ne kawai.

Aya ɗaya tak ɗan'uwan ya kawo a nan, Matiyu 5:33 zuwa 37, wai Yesu ya hana. Abin da ya hana a wurin shi ne rantsuwa da sama da ƙasa da Urushalima da kai, kuma dalilinsa shi ne maganar mai bi ita kaɗai ta isa a riƙe. Wato ayar tana neman mutumin da in ya ce zai yi, an gama. Yaya za a ɗauki ayar da ke ƙarfafa cika magana a mai da ita hujjar ƙin yin magana gaba ɗaya? Abin da ban mamaki. Ya kuma tsoratar da mutane da labarin Hananiya da Safiratu. Ya manta cewa a Ayyukan Manzanni 5:4 Bitrus da kansa ya nuna filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Ƙarya ce ta kashe su. Wanda ya rubuta naira ɗari biyu ya kawo naira ɗari biyu ba shi da haɗi da Hananiya.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, na yarda. Rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin komai ya tashi, kuma mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi mai tura baro ko mai sayar da ƙosai ba. Mutanen garin nan kuwa ba sai an koya musu cewa gobe ta Allah ce ba. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta shigo Mubi, ta sauya wa garin suna, jama'a suka watse, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, wasu Yola. Hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN da ke Kwarhi ma sai da ta yi hijira zuwa Jos. An ƙona majami'u, an wawashe shaguna, bankuna suka daɗe a rufe.

To amma me Malam ya gina a kan wannan gaskiya? Cewa ya yi a bar wa 'yan'uwa na ƙasashen waje su ɗauki nauyi, tunda su ne suka kawo bishara. Nan ne ya ba ni haushi. Gaskiya ne ikilisiyar 'yan'uwa ta Amurka da Mission 21 ta Basel sun tsaya da mu a lokacin gudun hijira, da abinci da magani da matsuguni da irin shuka, kuma ba mai mantawa. Amma agajin gaggawa daban, kuɗin tafiyar da ikilisiya na yau da kullum daban. Wa ke sayen man janareta? Wa ke biyan mai gadi? Wa ke kai buhun masara gidan gwauruwa, ya biya kuɗin asibitin maraya? Zumuntar mata ce, da matasa, da mawaƙa, da 'yan ɗari biyu da ɗari biyar ɗin da Malam yake rainawa. 'Yan mishan Stover Kulp da Albert Helser sun yi sujadar farko ta wannan ikilisiya a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. Ikilisiyar ta karɓi ragamar kanta a 1972, ta yi bikin cika shekara ɗari a 2023. Mai shekara ɗari ne zai ci gaba da miƙa ƙoƙo? Tun a ƙarni na 19 jagororin mishan Henry Venn da Rufus Anderson suka koyar cewa ikilisiyar da ta kafu ita ce mai mulkin kanta, mai yaɗa bishara da kanta, mai ciyar da kanta. Wanda yake biya shi yake faɗa a ji. Ikilisiyar da ba ta ɗaukar nauyin kanta, wata rana za a zaɓa mata abin da za ta yi wa'azi a kai.

Talauci kuwa Bulus ya riga ya amsa shi a cikin surorin da Malam bai gani ba. Mutanen Makidoniya da ya kafa misali da su suna cikin tsananin talauci ne. Ya kuma ce ana karɓar kyauta gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba a neman abin da ba shi da shi, kuma ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a matsa wa wasu ba. Matar da ke zubin adashe a kasuwar Mubi ba ta san gobenta ba ita ma, amma tana cewa zan zuba kaza duk mako, in Allah ya yarda, kuma da haka take sayen keken ɗinki. A yi lissafi a gani: gida ɗari biyu, kowanne naira 500 a mako, naira 100,000 ke nan, a shekara kuwa miliyan 5.2. Da sanin wannan adadi dattawa za su iya yanke ko a zuba bulo bana ko a dakata. In ba alkawari, sai dai a yi ta hasashe, a fara gini a bar shi a linta shekara goma. Wanda gonarsa ta ƙi, ko ciwo ya shigo gidansa, ya je ya gaya wa ma'aji a rage ko a ɗaga masa, ba laifi a ciki. Markus 7 ma ya tsawata wa mai fakewa da keɓe wa Allah dukiya ya bar iyayensa da yunwa.

Ta uku, riya. A nan yana da ɗan abin riƙewa. Kiran sunaye ta lasifika, a tafa wa mai dubu ɗari, a yi shiru ga mai ɗari biyar, wannan ɗabi'a ce da Matiyu 6 da Yakubu 2 suka ƙi, kuma ya kamata a daina. Gwauruwa mai anini biyu a Markus 12 da ba ta samu tafi a irin wannan taro ba. Maganinsa ambulan ne a rufe da littafin ma'aji. Laifin mai riƙe da lasifika ne, me ya kawo katin alkawari ciki?

Ta huɗu, aljihun fasto. Malam bai kawo suna ba, bai kawo adadi ba, bai kawo shekara ba. Zargi ne kawai aka watsa wa bayin Allah da yawansu ke noma don su ciyar da gida. In akwai ɓarna, ga kwamitin kuɗi, ga majalisar ikilisiya, ga ta gunduma a sama da ita. Bulus bai yarda ya ɗauki kuɗin Urushalima shi kaɗai ba, sai da wakilin da ikilisiyoyi suka zaɓa. A 2 Sarakuna 12 mutum biyu ke ƙirga kuɗin akwati. A nemi a karanta rahoton shiga da fita a gaban jama'a. Kuma alkawari a rubuce shi ne ya fi wuyar ci, domin kowa ya san abin da ya kamata ya shigo.

Ta biyar, wai a bari Ruhu ya bi da mutum ran Lahadi. Ruhun ba ya aiki ran Talata ne, lokacin da mutum yake zaune da matarsa suna lissafin wata? A 2 Korintiyawa 9:7 maganar abin da mutum ya riga ya ƙudura a zuciyarsa ake yi. Abin da na lura shi ne, wannan bi da mutum na ran Lahadi kullum a kan takardar kuɗi mafi ƙanƙanta a aljihu yake sauka.

Takardar nan ba ta da tushe a Littafi, ba ta kuma da shi a tarihin ikilisiyar ƙasar nan. 'Yan'uwa na Sabon Layi, kada wanda ya matsa muku ku rubuta abin da ya fi ƙarfinku, kada kuma wanda ya ruɗe ku ku ƙi rubuta komai. Ku zauna da iyalanku, ku yi addu'a, ku duba samunku, ku rubuta abin da za ku iya, ku cika shi, sannan ku tambayi inda ya tafi. Alkawari kaya ne, kowa ya ɗauki daidai wuyansa. Kai kuma Malam, ka karanta surori biyun nan kafin ka sake buga wata takarda.