SHARHI: MAZAƁAR BAGEGA DA BATUN SANIN YAWAN JAMA'AR KARKARA

Kamar yadda aka sani, tun lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 1996, an tsara ta ne bisa ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Mazaɓa ita ce mataki na ƙarshe inda hukuma ke haɗuwa da talaka ido da ido, domin a nan ake kafa rumfar zaɓe da ɗakin shan magani da makarantar firamare. A sharhinmu na wannan karo mun ɗauki Bagega, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Anka, domin abin da ya same ta ya shafi maƙwabtanta na Bukkuyum da Gummi.

Bagega tana kudu da garin Anka, a tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, a ƙasar daji da duwatsu wadda ake noma gero da dawa da wake, ake kuma kiwon shanu da awaki. Allah ya albarkaci ƙarƙashin ƙasar da zinare. Wannan arziki shi ne ya mayar da ƙauyen manoma ya zama matattarar baƙi daga jihohin maƙwabta har da ƙasashen ƙetare, ta yadda yawan masu kwana a garin yakan hau ya sauka gwargwadon kasuwar zinare da shigowar damina.

Ta fuskar mulki, mazaɓar tana da kansila ɗaya a majalisar ƙaramar hukuma. A gefen sarauta kuwa akwai uban ƙasa da hakimai da masu unguwanni a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Zamfara Anka. A Majalisar Wakilai ta Tarayya tana tare da Talata Mafara, yayin da Gummi da Bukkuyum ke da tasu kujerar, dukkansu kuma suna cikin shiyyar Zamfara ta Yamma a Majalisar Dattawa. Sai dai duk waɗannan matakai ba su da iko da abin da ke cikin rami, saboda Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun damƙa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya. Ita ce ta hana haƙa a jihar a watan Afrilu na 2019, ita ce kuma ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Lasisi a Abuja yake, amma ƙura da baƙi da rigimar gona na mai unguwa ne.

Idan dai ba a manta ba, a watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da mutuwar ƙananan yara fiye da ƙima a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Bincike ya gano cewa duwatsun da ake kawowa cikin gidaje ana daka su, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, suna ɗauke da gubar dalma, yara kuma na rarrafe a kan wannan ƙasa suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 ne suka riga mu gidan gaskiya. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai da suka haɗa da Dareta da Abare da Sunke a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har shekarar 2013 kafin a saki kuɗin aikinta. Likitoci kuwa ba sa fara ba yaro maganin fitar da dalma alhali zai koma gidan da gubar take, don haka jinkirin ya faɗa ne kan yara.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wannan al'amari shi ne, waɗanda suka zo ceto sai da suka bi gida gida suna ƙirga yara da kansu. Ƙidayar ƙasa ta 2006 ta ba Anka mutum sama da dubu 140, ta ba Bukkuyum da Gummi sama da dubu 200 kowacce, amma alƙaluman da aka fitar sun tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma, ba su sauko zuwa mazaɓa da ƙauye ba. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta.

A tsawon waɗannan shekaru abubuwa sun sauya ƙwarai. Matsalar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da dama, jama'arsu sun kwarara zuwa cikin garin Anka, ambaliyar watan Agustan 2024 kuma ta raba ɗimbin iyalai da gidajensu a Gummi. Ke nan wani ƙauyen da ke cikin takarda ya zama kufai, wata unguwar kuma ta ninka ba tare da an ƙara mata ko rijiya ɗaya ba. Jami'in da zai raba taki ko gidan sauro ko allurar rigakafi bisa tsohon lissafi, dole ya yi wa wani wuri rowa ba da nufinsa ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi, tunda yawan jama'a da faɗin ƙasa suna cikin ma'aunan rabon. A ganinmu, ba sai an jira ƙidayar ƙasa ba kafin majalisun Anka da Bukkuyum da Gummi su san mutanensu. Mai unguwa ya san gidan da aka yi suna da gidan da aka yi zaman makoki, ma'aikatan rigakafin shan inna kuma sun daɗe suna zagaya gidaje da alli a hannu. Abin da ya rage shi ne kansila da uban ƙasa su haɗa waɗannan bayanai a rajista guda ta mazaɓa, a sabunta ta bayan kowace kaka, a kuma ware shafi na musamman ga baƙin da ke shigowa wuraren haƙar zinare da iyalansu.