A Kwance Zaren Ƙafar Kanari

Ƙarshen damina, idan gero ya nuna, yaranmu kan hau itace su kwaso 'ya'yan tsuntsaye daga sheƙa. Daga unguwannin bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda har Zurmi da Shinkafi, ba ka rasa yaro riƙe da ɗan kanari ko baiwar Allah, an ɗaure masa ƙafa da zare kada ya tashi. Manya na gani, ba mai cewa uffan. Zaren nan shi ne abin da nake ƙorafi a kansa.

Ƙafar ɗan kanari ba ta fi tsinken ashana kauri ba. Duk fizgar da ya yi, zaren na ƙara shigewa cikin fata, jini ya daina kaiwa yatsu, ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ta bushe. Wani lokaci fizga ɗaya ce ke karya ƙashin.

Wani jikan maƙwabcina ya zo mini da ɗan tsuntsunsa a tafin hannu, ido ya ciko da ƙwalla. "Baba, ya ƙi taka ƙafar." Na ce, "Ɗan nan, miƙo mini reza." Muka yanke zaren a hankali, muka wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Ƙashin ya goce ƙasa da gwiwa, sai muka daidaita shi, muka sa ƙyallen filasta biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, muka manne su, yatsu a sake. Kara irin na maɗori ya yi masa nauyi. Muka shimfiɗa tsumma a kwali, muka ajiye a ɗaki mai ɗumi da duhu, nesa da kyanwa, babu sandar da zai yi ƙoƙarin hawa. Abincinsa garin gero ne da aka dama da ruwan ɗumi da ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai, a bakin tsinke, kaɗan-kaɗan daga safe zuwa magariba. Ba a ɗura masa ruwa, shaƙewa yake yi. Ba a ba shi maganin ciwon kai na mutane, balle man zafi. Ƙashin ƙaramin tsuntsu kan haɗe cikin mako biyu zuwa uku. Idan kuwa ya huda fata, sai malamin dabbobi. Da hali ma, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Na san abin da za a ce: mutanen da noma ya gagara, hanya ta gagara saboda rashin tsaro, su ne za su yi jinyar tsuntsu? Ai shi ya sa. Yaron da ya tashi yana jin labarin kisa kullum, ya fi kowa bukatar a nuna masa yadda ake tausayin mai rai. Malamanmu na karantar da yadda Manzon Allah (SAW) ya lallashi ƙanin Anas, Abu Umair, da tsuntsunsa ya mutu, da yadda ya sa aka mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke.

Iyaye da malaman allo, don Allah ku hana kwasar sheƙa. Tsuntsun da ya riga ya shigo gida, a yi masa keji, a cire zaren yau.