Furoje ya tafi, wa ya dawo ya duba?

Makon nan wani abokina da ke riƙe da wata 'yar ƙungiya mai zaman kanta a gundumar Mayahi ya nuna mini takardar gayyata zuwa taron horo a wani otal na Maraɗi. Wai za a koya masu yadda ƙungiya ke jure wa wahala, da yadda ake auna sakamakon aiki. Mutumin nan ma'aikatansa ba su ga albashi cikakke ba tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin USAID a farkon 2025, babur ɗin ofis kuwa yana jingine babu mai. Zai je taron, don akwai kuɗin zama. Ban ga laifinsa ba. Masu shirya taron ne suka ɓata mini rai.

Kowa ya san yadda ake wannan awon a ƙasarmu. Saura 'yan watanni furoje ya rufe, sai a turo ƙwararre daga Yamai. Ma'aikatan furojen ne za su zaɓa masa garuruwan da zai je, su ne za su yi masa tafinta, kuma tun jiya an aika wa mai gari ya tara mata a ƙarƙashin bishiya. Sai a tambaye su ko sun ji daɗin aikin. To wace ce za ta ce a'a, alhali ta san amsarta ce za ta sa a dawo zagaye na biyu ko a wuce garin gaba? A rubuta: an yi horo kaza, mata kaza sun dangwala yatsa. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe da nuna cewa kuɗin tallafi da ake rabawa, da zarar motoci sun juya, a wurare da dama gari kan sake raba su bisa nasa tsarin. Rahoton furoje ba ya ganin wannan, don ba a tsara shi ya gani ba.

Akwai waɗanda suka yi ƙoƙari, ban hana masu ba. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta raba wa gidaje 1,500 mafi talauci a gundumar Tasawa jika sittin-sittin, kashi uku, a watannin da rumbu ke wofi. Da ta auna, ta faɗi mai daɗi da marar daɗi: cimaka ta inganta, magidanta sun samu sukunin noma gonakinsu maimakon ƙwadago a gonar wani, amma da cututtukan damina suka shigo, yara suka sake ramewa. Wannan aƙalla gaskiya ce. Sai dai awo ne na damina guda. Ina waɗannan gidajen suke yau? Wa ya koma ya tambaya?

Masu bin wannan fili sun san inda zan nufa, kuma ba zan gaji ba: Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wannan tsari a jihar Maraɗi, ba tare da zuba wa matan ko dala ɗaya a akwati ba. Kuɗinsu ne. Kowane mako su haɗu a gidan ɗayarsu, kowace ta zuba abin da aka amince, wadda ta makara a ci ta tara. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam-dabam, mai ajiyar akwatin kuma ba ta da ko ɗaya. Mai son jarin ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya ta ranta, ta maido da ɗan ƙari. Akwai kuma asusun taimako na daban don rashin lafiya ko rasuwa. Idan shekara ta zagayo a fasa, a raba, a sake farawa. Galibin matan farko ba su yi boko ba, da ka suke riƙe lissafi, a zube kuɗin bisa tabarma a ƙirga da babbar murya kowa na ji. Ku gaya mini wane ƙwararre ne ya fi wannan iya bin diddigi. Wadda aka cuta tana zaune a wurin, kuma mako mai zuwa ma tana nan. Shi ya sa tsarin ya rayu bayan waɗanda suka kawo shi sun tattara, ya bazu har ƙauyukan da babu ma'aikacin da ya taɓa takawa, ya tsallaka ƙasashen Afirka da wajenta. Wasu daga cikin matan nan har kansiloli suka zama.

Haka batun itatuwa. Tun 1983 Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM yake roƙon manoman Maraɗi su daina tuge kututture, su bar toho ya tashi. Aka yi masa dariya. Sai a shekarun 2000 hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna abin da manoma irin na Ɗan Saga, a gundumar Agye maƙwabciyarmu, suka yi: kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin kore, itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya koma gonaki shekara da shekaru babu rahoton da ya ƙirga shi. A ɗaya gefen kuma, duk mai bin hanya daga Tasawa zuwa Mayahi zai ga alluna masu tsatsa da bankunan cimaka a kulle, ciki sai ɓeraye. A takarda, ina da yaƙini, yawancinsu nasara aka rubuta.

Za a ce mai ba da kuɗi dole ya ga rasit, to ya gani, ba mu hana ba.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne a mai da ƙungiyoyinmu na gida 'yan kwangilar raba kaya, a hana su ko kuɗin hayar ofis na shekara biyu a jere, sannan a kira su otal a koya masu juriya. A taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020. Ba su cika ba. Su ma shugabannin ƙungiyoyin namu ba su tsira ba. Da yawa ba su da membobi, ba su da kuɗin kansu, babban taro ba a yi, ƙungiyar a jakar mutum ɗaya take. Irin wannan ko an yi mata horo ɗari, ranar da kuɗin waje suka yanke ranar za ta mutu.

Hukumomi sun nuna suna iya tsawatawa: a Nuwamban 2024 sun janye izinin ƙungiyar Acted, a Fabrairun 2025 suka sallami kwamitin Red Cross na duniya. To tun da ana son iko da abin da ake yi a ƙasa, ga aiki mai sauƙi ga shugabannin gundumomin Tasawa da Mayahi. Duk furojen da zai shigo ya ajiye wani kaso na kuɗinsa don a dawo shekara biyar bayan rufewa, a watan Agusta lokacin da tiyar hatsi ta fi tsada, ba da motar furoje ba, ba kuma tare da sanar da mai gari ba. A sa matan asusu cikin masu awon, a tambayi mata daban da maza, a buɗe bankin cimakar a gani, a ja ruwan rijiyar. Abin da aka samu a karanta shi da Hausa a rediyon karkara, da sunan ƙungiyar da adadin kuɗin da ta kashe.