Kada a share faifai kafin a kwafe shi

Idan kwamfutar ɗalibi ta ƙi tashi ana saura wata guda ya miƙa kundinsa, wurin mai gyara yake fara nufa, shi kuwa sau da yawa maganinsa ɗaya ne: a share faifan, a zuba sabon Windows. Wannan gaggawa ta fi cutar kanta ɓarna.

Abin da kan lalace, musamman idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, shi ne tsarin fayiloli, wato rajistar da ke nuna sunan kowane fayil da gurbinsa a faifai. NTFS ake kiran na Windows, ext4 kuma shi ya fi yawa a Linux. Rajista ce ta rikice; hirarrakin da aka ɗauko daga bakin tsofaffin Gobir ko Damagaram galibi suna nan inda suke.

Don haka kwafi ya kamata ya riga gyara. A tada kwamfutar da Ubuntu daga ma'ajiyar USB, a kwashe faifan dungurungum zuwa wani da ddrescue, sannan a saki chkdsk ko fsck su yi aikinsu. Dalili kuwa, waɗannan biyun rajista suke daidaitawa, ba ruwansu da darajar abin da ke ciki, kuma a faifan da ya fara mutuwa suna iya ƙarasa shi. Shi fsck ma ba a sakinsa a kan ɓangaren da ake cikin amfani da shi.

Sai dai akwai asarar da ta fi shafar masu nazarin harshe. Fayilolin da fsck ya tsinto yakan zuba su a lost+found da lambobi a madadin suna, PhotoRec ma bai dawo da sunayen asali. Mai hotunan biki zai gane nasa da ido. Wanda ke da murya ɗari biyu fa, ta yaya zai tantance Ba'adare da Bakatsinen Maraɗi, alhali bambancin karin harshensu shi ne abin da yake bincike? Aikin ELAN ma da suna yake neman sautinsa.

Ya kamata malamai su wajabta wa ɗalibi faɗin gari, kwanan wata da lambar mai magana a farkon kowace ɗauka, kuma kada a amince da rahoton aikin fili sai an ga kwafinsa na biyu a wata ma'ajiya daban.